Tsohon da Ya Ce Su Goma Sha Ɗaya Ne

Karatun lauya na nema a jami'a. Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, sai na ga nawa a ƙarƙashin wani sashe da ban taɓa jin labarinsa ba, wai aikin walwalar jama'a. Na tsaya gaban allon ina karantawa ina maimaitawa, har wata da ke bayana ta ce, "Baiwar Allah, in kin gama ki matsa mana."

Babana mai gyaran rediyo ne a unguwar Hausari a Maiduguri, shagonsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Da na kai masa takardar, ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "To, in kin gama me za a riƙa kiranki?"

Na ce ban sani ba.

"Likita yana da asibiti, lauya yana da kotu. Ku ina ne naku?"

Na ce sai na fara tukuna in ji. Ya ce Allah Ya sa alheri, ya mayar da kai kan aikinsa. Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce rabon kayan agaji nake karanta. Innata kuwa, Babarbariya ce 'yar unguwar Abbaganaram, ita danginta ta gaya wa sasanta miji da mata nake koyo. Ban gyara wa kowannensu ba, don ni ma ba ni da abin da ya fi nasu.

Lokacin garin ya riga ya rikice. An hana mashin, sai keke mai ƙafa uku, kuma kafin ka kai makaranta sai ka sauka a shinge biyu ko uku ka taka da ƙafa, hannu a sama. Wata rana ka isa a ce babu lacca, malami bai samu hanya ba. Wata rana ana cikin rubutu a ji ƙara daga nesa, gilashin taga ya yi rawa, kowa ya ɗaga kai, sai malami ya ce, "Ba kusa ba ne," a ci gaba. Abin da muke kwafa kuwa labarin wasu ƙasashe ne, gidajen da gwamnati ke ajiye tsofaffi, da lambar wayar da yaro zai buga in an zalunce shi. Mu kuwa akwai watannin da wayar ma ba ta aiki a garin gaba ɗaya. Ina haddacewa, ina cin jarrabawa, amma ban ga inda abin ya haɗu da titin da nake bi in koma gida ba.

Akwai malama ɗaya da na fi jin maganarta, gajeriya, 'yar kudancin Borno, ba ta ɗaga murya. Kullum sai ta ce mana, "Ku ba masu wa'azi ba ne. Ba alƙalai ba ne. Ba masu rabon shinkafa ba ne." Mun san abubuwa da yawa da ba mu ba ne. Abin da muke shi ne ban kama ba. Ta ba mu ƙa'idoji uku ta ce ko a mafarki kada mu manta: ka saurari mutum, kada ka yanke masa hukunci a kan rayuwarsa, kuma ka riƙe sirrinsa. Na rubuta su a bangon littafina, na ga ai masu sauƙi ne.

A shekara ta uku aka tura mu aikin gwaji na wata uku. Ni aka kai ni wata makarantar sakandare da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira. Ajujuwa sun zama ɗakunan kwana, filin ƙwallo ya cika da tantuna. Wadda ke kula da mu wata Hajiya ce daga ofishin walwala, ta kusa ritaya, kullum da ciwon gwiwa. Ranar farko ta tambaya wa ke jin Barbarci, na ɗaga hannu, ta miƙo mini jaka cike da fom ta ce, "Duk wanda ba ya jin Hausa naki ne." Aikin shi ne in rubuta sunan mutum, ƙauyensu, su nawa ne a gidansa, da waɗanda ya ɓata da su a hanya, ko Allah Zai sa a haɗa su.

A mako na biyu na gamu da tsohon. Yana zaune gindin darbejiya bayan ɗakin gwaje-gwaje, yana warware zaren buhun shinkafa yana tufka igiya da shi. Dogo ne, siriri, da tsagen Barebari a fuska. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da wushe wushe mai tsawo irin gaisuwar Barebari, ya tambayi gida da iyaye kamar ya san su. Na fara tambayoyina. Da na zo kan su nawa ne a gidansa, ya ce, "Goma sha ɗaya."

Na waiga ban ga kowa ba. Na ce, "Baba, nan sansanin nake nufi."

"Goma sha ɗaya," ya sake cewa, ya ajiye igiyar ya lissafo da yatsu: shi, da ɗansa, da matar ɗan, da 'ya'yansu biyar, da ƙanwarsa da nata biyu. Ranar da yaran daji, masu tada ƙayar bayan nan, suka shiga ƙauyensu yana gona, bai koma gida ba, ya bi ayarin masu gudu. Tun ranar bai sake ganin ko ɗaya ba.

Na kai wa Hajiya. Ta ce, "Mutum nawa kika gani da idonki?"

"Ɗaya."

"To rubuta ɗaya. Katin abinci yake son ya ƙaru, kin zo kenan, za ki ga irinsu."

Amma na lura da shi kwana da kwanaki, abincin mutum ɗayan ma ba ya cinyewa, rabi yake miƙa wa makwabta. Ranar Juma'a da muke komawa makaranta mu ba da rahoto, na tambayi Malama. Ta ce, "Ki fara daga inda mutumin yake." Na yi ta juya maganar a keke har gida. Ina yake? Jikinsa yana gindin darbejiya, amma in ka saurare shi yana ƙauye ne, cikin gida mai mutum goma sha ɗaya. Daga ƙarshe na rubuta ɗaya da biro, na rubuta goma sha ɗaya da fensir a gefe, na bar shi haka.

Kullum da safe in na wuce sai ya ce, "'Yata, takardar ta yi magana?" In ce, "Tukuna, Baba." Sunayen sun tafi sauran sansanoni, sun dawo babu komai.

Ba takardar ce ta samo su ba. Wata Asabar na raka Inna gidan yayarta a Abbaganaram. Ana hira, sai yayar ta ambaci wata 'yar gudun hijira da ke zaune a kangon bayansu, tana ɗinkin hula, wai hannunta yana da kyau. Ta faɗi sunan ƙauyen matar, sai na ji ƙauyen tsohon ne. Na tambayi 'ya'yanta nawa, ta ce huɗu take gani. Na ce a raina huɗu ba biyar ba ne, amma na yafa lafayata na zagaya.

Kangon ba shi da ƙofa, buhu aka rataya. Matar tana zaune kan tabarma da hula a gwiwa, ba ta fi ni da shekara goma ba, amma wuyanta duk ƙashi. Na yi sallama, na ce mata ni ɗaliba ce, na faɗi inda nake aikin gwaji, sannan na faɗi sunan tsohon. Allurar ta tsaya a hannunta.

"Yana raye?"

Na ce yana raye, lafiyarsa ƙalau, kullum yana lissafa su. Murna ta cika ni, har ina tunanin yadda zan ba da labarin a aji. Na ce gobe ma in ta shirya sai in zo da keke mu tafi.

Ta kori yaran waje. Ta ce, "Ƙanwata, don girman Allah kada ki gaya masa kin gan ni."

Na ɗauka ban ji Barbarcin daidai ba, na ce ta maimaita. Ta maimaita. Sannan ta ba ni labari, murya ƙasa ƙasa, idonta a kan hular. Mijinta, ɗan tsohon, ba kama shi aka yi ba. Da ƙafarsa ya bi yaran daji, tun kafin a shiga ƙauyen, kuma ya tafi da babban ɗansu. Ita ta rufa, ta ce wa mutane fatauci ya tafi. Bayan ta iso Maiduguri wata mata da ta tsero daga can ta tabbatar mata mijin ya mutu. Yaron kuwa babu wanda ya san inda yake.

"Surukina ne," ta ce. "Shekara goma sha biyar ina gidansa, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Da wane baki zan dube shi in ce ga abin da ɗanka ya zama? Kuma sansanin nan cike yake da mutanen yankinmu. In magana ta fita, yarana za a riƙa nunawa da baki."

Na ce to. Ban san me na amsa da to ɗin ba.

A hanyar komawa Hausari Inna ta ga fuskata, ta matsa mini, na zayyane mata komai. Ta tafa hannu ta ce, "Jikokinsa ne fa! Jininsa! Tsoho yana zaune yana ƙirga su kullum, ke kin san inda suke, ki yi shiru? In ya mutu gobe me za ki ce wa Allah?" Na ga gaskiyarta. Babana da ya ji muna ta magana ƙasa ƙasa bai tambayi kan zancen ba, ya ce kawai, "In ban gane wayar da ta tsinke ba, ba na taɓa sauran." Na ga shi ma da tasa gaskiyar, sai dai ban san ko cewa yake in yi shiru ba ko in ƙara bincike.

Hajiya ban gaya mata ba. Na taɓa jin ta ce duk maganar da ta shafi yaran daji ba ta ofishinmu ba ce, sama ake kai ta, ni kuma ban san me zai sami matar ba in an kai. Har yau ban tabbata ɓoyewar da na yi daidai ce ba. Ita ce shugabata a wurin.

Malama na samu a ofishinta. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Wa kika gaya wa kuma?"

Na ce Innata kawai.

"To kin riga kin karya ɗaya daga cikin ukun."

Kunya ta rufe ni. Ko kaɗan ban ɗauki gaya wa uwa a matsayin tona sirri ba. Na ce, "Amma Malama, tsohon aka ba ni, ba ita ba. Shi nake wa aiki."

"Tun da kika ɗaga buhun ƙofarta kika shiga, ita ma taki ce."

"To wanne zan bi? Ita ta ce in yi shiru. Shi kullum yana tambaya."

Ta ce, "Labarin nata ne. Jiran nasa ne. Kada ki yi masa ƙarya, kada kuma ki ba da abin da ba naki ba." Na tsaya ina jiran sauran, ashe ta gama. Na fito na fi yadda na shiga ruɗewa.

Ranar Litinin ya ce, "'Yata, takardar ta yi magana?" Na ce, "Takardar tukuna, Baba." Ba ƙarya ba ce, takardar ba ta ce komai ba. Mako biyu ina haka. Na fara zagayawa ta bayan masallaci don kada in bi ta gindin darbejiyar, sai kuma in ji ba daɗi in dawo. Rannan ya miƙo mini igiya mai tsawo, tufka uku, ya ce in kai wa mahaifiyata ta yi shanya. Na karɓa da hannu biyu, na shiga bayan aji na yi kuka.

Na koma wurin matar. Ban roƙe ta ba, don an ce kada mu matsa wa mutum, amma na ajiye igiyar a gabanta na ce shi ya tufka. Wataƙila wannan ma matsi ne, ban sani ba. Ta ɗauka ta juya ta, ta ce haka yake yi wa awakinsa. Can ta ce, "Ki ce masa an ga yaran, suna lafiya. Kada ki faɗi wuri. Kada ki faɗi komai bayan wannan."

Washegari na durƙusa gabansa na faɗa masa daidai yadda ta ce. Bai ɗago ba. Ya ce, "Nawa?"

Ba ta ce in faɗi adadi ba, ba ta kuma hana ba. Na ce, "Huɗu."

Hannunsa ya ci gaba da murza zare a cinya. Ya ce, "Babban ne babu." Ba tambaya ya yi ba. Sannan ya ce, "Uwarsu fa?"

Na ce tana lafiya.

"Alhamdu lillahi. Tana da abin rufa musu?"

Na ce akwai. Ya gyaɗa kai, ya yi ta sa mini albarka har na ji nauyi. Bai tambaye ni inda suke ba. Sai da na hau keke, mun wuce shingen farko, na tuna bai tambayi ɗansa ba. Na yi ta neman dalili. Na ce ko tsoron amsar yake, ko kunyar ɗan fari ce irin ta manya, ko kuwa ya manta ne don murna. Babu wanda ya zauna mini.

Sauran makonnin na zama 'yar aike. Ya ba ni dabino bakwai a ƙulle cikin leda, in kai. Ta ba ni ƙuli-ƙuli da hula ɗaya da ta ɗinka, in kawo. Ya sa hular a take, ya ce ɗinkin ya yi, bai ƙara ba. Babu darasin da aka koya mana wannan. In Hajiya ta tambaye ni fayil ɗin tsohon, sai in ce ana kan bincike.

Da wata ukun suka cika, aka ce kowa ya sallami mutanensa yadda aka koya mana, ka gaya wa mutum aikinka ya ƙare, kada ka bar shi da tsammani. Na je na gaya masa. Ya ce, "To wa zai kai dabinon?" Na ce zan riƙa leƙowa, alhali an hana mu yin alkawarin da ba mu da tabbas, kuma ba a cika barin mutum ya shiga sansanin ba in ba shi da katin aiki.

A rahoton ƙarshe akwai gurbi uku, a zaɓi ɗaya: an haɗa su, ba a same su ba, an miƙa wa wani ofis. Na zauna da biro a hannu kusan awa guda. Na bar wurin fari, na rubuta bayani a ƙasa ba suna ba unguwa. Da sakamako ya fito na sami maki tsaka-tsaki, wanda ya duba ya rubuta da jan biro cewa ban bayyana matakin da na ɗauka ba. Ban yi gardama ba. Ni ma da zan iya bayyana shi da na ji daɗi.

Sai a shekarar ƙarshe na sake ganin matar. Na kai wa yayar Inna saƙo, na zagaya kangon. An sa masa ƙofar langa-langa. Ta tare ni da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, kafin in tambaya ta ce, "Na je."

Da ƙaramar salla ta wanke yaran ta kai su. Ta sami tsohon gindin darbejiyarsa a sansanin. Ta durƙusa nesa da shi, ta rufe fuska, ta fara magana, sai ya ɗaga mata hannu. Ashe ya sani. Watanni ya yi yana faɗa da ɗan a gona, inda ba mai ji. Da asubar da ɗan zai tafi ma tsohon ya tare shi a bakin hanya, ya riƙe hannun jikan, ɗan ya fizge. Tsohon bai gaya mata ba don yana zaton ita da gaske ta yarda fatauci mijin ya tafi, bai so ya ɓata mata uban 'ya'yanta. Mutuwar ce kawai bai sani ba. Da ta faɗa masa ya yi salati, ya ce Allah Ya fi mu sanin bayinsa, ya jawo ƙaramar jikar ya ɗora a cinya.

Ta roƙe shi ya dawo kangon, ya ƙi, ya ce ba ya kwana gida ɗaya da surukarsa babu ɗansa a ciki. Yana sansanin, tana kai masa yaran duk Juma'ar da aka bari. Ƙanwarsa da 'ya'yanta biyu, da babban jikan, har ranar babu labari.

Na tuna makonnin da na yi ina zagaye masallaci. Na ce, "Yaya, da na gaya masa tun ranar farko, da ba a huta ba?"

Ta ce, "Da kin gaya masa ranar, da na kwashe yarana na bar garin nan kafin gari ya waye." Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Ko kuma da ban tafi ba. Ina zan je? Wallahi ban sani ba, ƙanwata."

Ta aiki 'yarta ta sayo mini ruwan leda mai sanyi. Na sha, muka yi hirar tsadar zare da ciwon idon da ɗinki ke sa mata, har aka kira la'asar. Na yi mata sallama na fita neman keke, don washegari ina da jarrabawar dokokin kare yara kuma ban karanta rabin littafin ba.